Rasuwar A'a, Fankar da Ta Goyi Ƙanƙara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga mai cike da zufa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da muke raba katanga da su, rasuwar fankar ɗakinmu, wadda aka fi sani da A'a. Ta rasu a daren Talatar da ta wuce, tana bakin aikinta, da goyon ƙanƙara a bayanta.

Wani sauti ne ya tashe ni, wanda ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba. Kamar a ce an rufe ɗan akuya a cikin randa, ya yi tari sau ɗaya, sannan ya ji kunya ya yi shiru. Na ɗaga kai. Fukafukanta suna juyawa a hankali har ina ganin kowanne daban, abin da ba na gani sai ranar da nake goge ta. Ƙauri ya taso irin na gashin da ya taɓa wuta. Kanta ya baro wajen mai ɗakina zai zo wajena, ya tsaya a tsakiyar hanya yana kallon bango. Daga nan ba abin da ya rage a ɗakin sai ɗigar ruwan ƙanƙara a cikin tasa.

Mai ɗakina ta yi magana daga shimfiɗarta.

"Malam, kai ka kashe ta?"

Na ce ko taɓa ta ban yi ba.

"To wuta aka ɗauke?"

Na nuna mata ƙwan fitilar tsakar gida yana ci abinsa.

Ta ce, "To ta mutu ke nan."

Kullum a gidan nan ana kashe A'a, kullum kuma tana tashi da zarar an murɗa mata kunne. Wannan karon ba wanda ya kashe ta, kuma na murɗa har yatsuna suka yi ciwo, ba ta tashi ba.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai nisa, wadda sunanta ya goge daga gindinta tun kafin mu haɗu. Haruffa biyu suka rage. Na sha nuna wa masu ilimi, kowa da ƙasar da yake faɗa mini, har na daina tambaya, don na lura ina son ta fi haka nisa. Ni karatuna bai yi tsawo ba, amma na san ƙarfen da ya haye teku bai kamata a yi masa magana da raini ba.

Ta yi ƙuruciyarta a ofishin da na yi aikin masinja, a kan kabad ɗin babban akawu. A wancan zamani babbar sana'arta tashin takardu. Saboda ita kowane tebur a ofishin yake da dutsensa na danne fayil, kuma ni nake zaɓo duwatsun, masu santsi, kowanne daidai da halin mai teburin. Ranar da aka kafa wa ofishin na'urar sanyaya ɗaki aka sallame ta, ba takardar yabo, ba ko sannu da aiki. Aka ce wanda yake so ya ɗauka. Na saɓo ta a kafaɗa muka taho gida, igiyarta tana bugun ƙuguna, mutane suna ba mu hanya. Ba a jima ba ni ma aka sallame ni, kusan da irin wannan girmamawa.

Ƙarfe ce tun daga kai har ƙafa, mai nauyi, mai haƙuri, ba ta raina ɗaki don ƙanƙantarsa. Murya uku gare ta. Ta farko raɗa, ta biyu hira, ta uku faɗa. Ba mu cika kai ta ta ukun ba, domin in ranta ya ɓaci tafiya take yi. Za ka ajiye ta a tsakiyar tebur, ka waiwaya ka same ta a baki. Na taɓa sauke ta ƙasa na zana mata layi da alli in ga inda ta nufa, kuma ko ta ina na juya ta, ƙofa take dosa. Igiya ce kawai take hana ta. Har yau ina tunanin inda za ta je da na ƙara mata tsawon waya. Mai ɗakina ta ce ofis za ta koma neman haƙƙinta.

Sunan A'a kuwa yara ne suka raɗa mata tun suna ƙanana. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan sai ta saurara, ta girgiza kai a hankali, daga hagu zuwa dama. Sukan tsuguna a gabanta su ce, "A'a, Baba zai sayo mana keke?" Ta girgiza kai. "A'a, gobe akwai hutu?" Ta girgiza kai. Tsawon rayuwarta ba ta taɓa cewa i ba, kuma da wuya ka kama ta da ƙarya. In na zo da wata sabuwar dabara, irin lokacin da na so in kiwata ƙudan zuma a saman rufin gida, mai ɗakina ba ta ɓata bakinta. Sai ta nuna ta da haɓa ta ce, "Tambayi babbar gida."

Amma abin da na fi shaidarta da shi adalci ne. Shimfiɗata tana wannan bango, ta mai ɗakina tana wancan, ita tana tsakiya. Abin da ta ba ni na iska shi take ba ta, ba ƙari ba ragi. Ko ranar da muka yi faɗa muka juya wa juna baya, ita takan je can ta dawo nan, kamar mai kai saƙon da ba wanda ya aike ta.

Ku yi haƙuri, na ɗan tashi na duba ƙanƙara. Ta narke rabi. Takardar nan ma tana manne mini a hannu.

Babban aikin rayuwar marigayiya da tsufa ya zo mata. Mai ɗakina ta kamu da ciwon zuciya. Ƙafafunta suna kumbura, in zafi ya tsananta numfashinta ya riƙa guntulewa kamar wadda ta hau tudu da kaya, alhali tana kwance. Likita ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri, sannan ya ce a kiyaye ta da zafi, don shi ne babban abokin gabarta. Ɗakinmu kuwa rufin kwano ne. Taga ɗaya gare shi, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Bangon yamma yakan sha rana ya ƙoshi, in ka ɗora tafin hannu bayan isha'i ka ji kamar gefen tukunyar da aka sauke yanzu.

'Yarmu ta fari tana aure a gidan sama, mai na'urar sanyaya ɗaki har a falo. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta shaƙi iskar ɗakin, ta ce, "Baba, zan tafi da Umma."

Surukina mutumin kirki ne, ya aiko cewa ni ma in zo, gida gidana ne. Na gode masa. Amma ni ban ga yadda zan tashi da asuba ina kakin tsufa a gidan suruki ba, ko in fito da ɗaurin ƙugu in yi kiciɓis da shi a kan bene. Kuma tun ranar da aka kawo mini mai ɗakina ba mu taɓa kwana a rufi daban ba, in ban da lokutan haihuwa. Ban san yadda ake yi ba. Ban san ko barci yana zuwa wa mutum in ba ya jin juyin wani a ɗaya bangon.

Sai na ce wa yarinyar, "Tambayi babbar gida."

A'a ta girgiza kai, Allah Ya saka mata. Yarinyar ba ta yi dariya ba.

"Baba, ba wasa ya kawo ni ba. Ranar da na shigo ɗakin nan na tarar da Umma tana haki, ba zan sake tambayar kowa ba. Ko kai, ko fankarka."

Tun daga ranar zaman mai ɗakina a ɗakinta ya rataya a wuyan A'a.

Fanka ita kaɗai ba ta yin sanyi, wannan na gano da kaina. Zafin take motsawa, kamar mai juya ruwan zafi da ludayi yana jira ya koma na randa. Sai na nufi maƙwabciyarmu mai firiza, wadda take ɗaura ruwa a leda tana sayar da ƙanƙara ga masu sanyaya lemo. Ta ce a zuba a tasa a ajiye a gaban fanka, haka kowa yake yi. Na yi. Ya taimaka, ban musa ba. Amma A'a ba mai tsayar da kai wuri guda ba ce. In ta juya wajena ta bar ƙanƙarar a baya, in ta juya wajen mai ɗakina haka, sai a tsakiya kawai take ɗan gaisawa da ita. Bango ne yake shan sanyin. Na ce to bari in ja ɗan maɓallin ƙeyarta in tsayar da ita tana kallon marar lafiya kaɗai.

Mai ɗakina ta ce, "Kada ka soma. In sha iska kana narkewa a can kamar man kaɗe? Wa zai kwashe ka?"

Na yi kwanaki ina zagaya fankar nan. Na riƙe gashin kaza a gabanta, ya gudu. Na riƙe shi a bayanta, ya manne da raga. A nan Allah Ya buɗe mini ido: ta baya take ci, ta gaba take fitarwa. Abin da mutum ya ci kuwa shi yake gyatsa. Ashe duk duniya an ajiye mata abinci a inda ba bakinta ba ne.

Na ɗauko wani tsohon ɗankwalin mai ɗakina, na naɗe ƙullin ƙanƙara a ciki, na goya mata a baya, na ɗaure a jikin raga tamau yadda ake ɗaure majanyi. Duk inda ta juya, goyonta yana biye. Na sa tasa a ƙasa tana tarar ɗiga. Na kuma sauke katifar mai ɗakina daga gado, domin na lura sanyi mai kunya ne, ƙasa-ƙasa yake bi, zafi ne mai girman kai da yake hawa sama. Na rufe taga da buhun da na jiƙa. Muka zauna muna jira.

Can sai mai ɗakina ta ce, "Malam, miƙo mini zane, sanyi nake ji."

Na ji kalamai masu daɗi a rayuwata, har da na ranar da aka ce an ɗauke ni aiki. Babu wanda ya kai waɗannan.

Maƙwabciyarmu ta leƙo washegari ta gani, ta riƙe baki.

"Baba, haihuwa aka yi ba a gaya mana ba? Yaushe suna?"

Mai ɗakina ta ce, "Ai jaririn ba ya kai suna, kullum kafin la'asar ya tsiyaye."

Tun da ta fara goyo, marigayiya ta sami sabuwar murya. Za ta tafi, garrr, in ta kai ƙarshen juyi sai wuyanta ya ce ƙwas, ta dawo, garrr, ƙwas. Ni da farko ban ɗauke shi komai ba. Mai ɗakina ce ta gaya mini amfaninsa. Ta ce tun da ciwon nan ya same ta, in ta kwanta tana jin zuciyarta a kunne, tana tafiya tana tuntuɓe, wani lokaci ta tsaya kamar mai tunanin ko ta ci gaba. Tsoron wannan tsayawar ne yake hana ta barci. Amma in A'a tana aiki sai ta bi ta: ta ja numfashi in ta tafi, ta saki in ta dawo, ƙwas ɗin nan yana zuwa a kan lokacinsa ba ya saɓa alkawari. Kafin ta ankara gari ya waye. Haka muka ƙetare zafin bara, muka shiga na bana. 'Yar fari takan zo ta latsa ƙafar uwarta, ta shaƙi iskar ɗakin, ta harari goyon, ta tafi.

Game da ciwon ajali, bakin likitoci bai zo ɗaya ba, wato bakina da na mai gyara. Na kira shi washegarin rasuwar. Ya kwance ƙeyarta a kan tabarma, ya leƙa, ya yi tsaki. Ya nuna mini wayoyin cikinta sun ƙone, gefensu ya yi kore, tsatsa ta cinye ko'ina. Ya ɗaga jiƙaƙƙen ɗankwalin da yatsa biyu.

"Baba, wa ya ba ka shawarar nan?"

Na ce kaina.

Ya ce, "Ta yi kama da shi."

Na yi masa bayanin ci da gyatsa. Ya saurara, don yaron yana da tarbiyya. Sannan ya zaro wani ɗan faifai mai haƙora daga wuyanta ya ɗora mini a tafin hannu. Rabin haƙoran babu.

"Ruwa yana ɗiga mata a ƙwaƙwalwa, nauyi yana ja mata wuya. Ƙwas ɗin nan da kake yabo, haƙoranta ne suke karyewa ɗaya bayan ɗaya. Ko na naɗa mata sabuwar waya, wuyan ya tafi, kuma an daina yin irinsa tun ban iya tafiya ba."

Ni ban yarda goyo ne ya kashe ta ba, kuma ina so a rubuta haka. Shekaru gare ta. Abokan aikinta na ofis duk sun riga ta. In ma goyon ne, ban taɓa jin an zagi uwa don ta sunkuya saboda ɗa ba. Faifan yana aljihuna, ina yawan shafa gurbin haƙoran da babban yatsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ashe duk barcin da mai ɗakina ta yi, da haƙoran wata aka saye shi.

Muna nan a kan gawar sai abokina tela ya shigo gaisuwa. Ya tuɓe takalmi, ya zauna, ya sunkuyar da kai kamar gaske, ya ce, "Allah Ya jiƙanta."

Mai gyara ya ce, "Ai jiƙar ce ta kawo mu nan."

Mai ɗakina ta yi dariya har ta sarƙe da tari. Na ji daɗin dariyar, sannan tarin ya ƙi tsayawa, na daina jin daɗi. Saboda haka ina roƙon masu zuwa ta'aziyya su bar wannan addu'a, dama ba ta ƙarfe ba ce. Wanda ya ce mana sannu da zafi ya gama komai.

Marigayiya ta rasu ta bar tasa guda, wadda ta tari hawayen goyonta ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta bar ɗankwali, ya bushe yanzu ya ƙandare da siffar bayanta. Ta bar soket mai baƙin tabo a goshi, da ƙaninta rediyo, wanda ya saba ɗaga murya don a ji shi a kanta, yanzu kuma ya zama mai ihu a ɗakin da ba kowa yake musu da shi. Ta bar aminiyarta firizar maƙwabta, sun yi shekaru biyu suna aiki tare ta kan katanga ba su taɓa ganin juna ba. Ta kuma bar tsofaffi biyu.

Kada wani ya ce an bar mu ba fanka. Tun ranar Laraba 'yar fari ta aiko da sabuwa a kwali. Fara ce, doguwa, ta roba, yaro ma zai ɗaga ta da hannu ɗaya. Ba na zaginta, baƙuwa ce. Iskarta tana da ƙarfi. Wuyanta siriri ne ba na goyo ba, kuma an ja mini kunne ta waya, don haka na koma ajiye tasa a gabanta kamar sauran jama'a. Ɗakin yana yin sanyi daidai gwargwado, in za a faɗi gaskiya. Aibinta ɗaya: ba ta da abin faɗa. Tana juyawa kamar mai tafiya a kan auduga.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, shirun nan ya yi yawa. Ina jin ta."

Ban tambaye ta wa take ji ba, na san zuciyar take nufi.

Tun daga nan barci ya ƙaurace mata. Ta juya nan, ta juya can, ta zauna, ta nemi ruwa, ta ce a buɗe taga, ta ce a rufe. Idanunta sun yi ja, ƙafafun sun ƙara cika. Na soka guntun kwali a ragar baƙuwar ko za ta yi magana, sai ta yi ƙarar keken yara. Na rataya cokali da zare yadda in ta juya zai bugi tasa, wani juyin ya buga, wani ya wuce, mai ɗakina ta ce wannan ai irin tafiyar zuciyarta ce, in cire. Na je wurin mai gyara na ce ko zai ɗan karya wa sabuwar haƙori ɗaya. Ya dube ni ya daɗe, ya ce in je gida in huta.

Jiya da azahar, lokacin da kwanon rufi yake ƙara don zafi, na ce to ni na fi kowa sanin muryar marigayiya. Na zauna a ƙasa bayan baƙuwar, na bi juyinta da kaina, ina garrr a maƙogwaro, in ta kai ƙarshe in buga harshe, ƙwas. Mai ɗakina ta rufe ido.

"Ka yi sauri."

Na rage.

"Yanzu ka makara."

Na gyara.

"A'a ba ta haɗiyar yawu, Malam."

Na daure na daina haɗiya. A hankali na kama hanyar. Na ji numfashinta ya fara bi na, ta ja in na tafi, ta saki in na dawo. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Ina jin gyangyaɗi ya ɗebe ni ina cikin yi, domin ban ji sallama ba, ban ji an ɗaga labule ba. Na buɗe ido na ga 'yar fari a tsaye da jakarta a hannu, tana kallon ubanta zaune a ƙasa yana girgiza kai yana ƙwas da baki. Ƙanƙara ta zama ruwa. Uwarta kuwa idonta biyu, ni take kallo, ƙirjinta yana hawa yana sauka, ta toshe baki da gefen zane don kada hakinta ya tashe ni.

Da yarinyar ta yi faɗa da na sami abin riƙewa. Ba ta yi ba. Ta durƙusa ta latsa ƙafar uwarta da babban yatsa, ta ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba. Muka tsaya mu uku muna kallon ramin.

"Baba, ran Asabar zan zo da mota."

Na buɗe baki, na rasa wanda zan ce ta tambaya.

Ta sassauta murya. "Ka taho mu tafi tare, don Allah. Ɗakin ya ishe ku. Ba wanda zai ƙirga maka tari."

Na ce zan duba.

"Me za ka duba, Baba?"

Na ce akwai jana'iza a gabana.

Bayan ta tafi mai ɗakina ta ce in sauko mata da akwatinta daga kan kabad, wai kayan ciki suna son shan iska. Na sauko da shi. Na tsaya riƙe da murfin na ce, "Tafiya za ki yi ke nan?"

Ta ce, "Kai kwana nawa za ka iya kana aikin fanka? Wuyanka ma na ji ya fara ƙwas."

Na ce ba amsar tambayata ke nan ba.

Ta ce, "Miƙo mini ruwa."

Har yanzu iyakar abin da na samu daga bakinta ke nan. Na fita tsakar gida na dawo, na sake fita. Na je bakin titi na tsaya ba abin da nake jira. Na zauna in rubuta wannan sanarwa na tashi ya fi a ƙirga.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi ta gobe Asabar da hantsi, a ɗakin da marigayiya ta yi hidima. Za a goge ta da busasshen ƙyalle, kada wanda ya kuskura ya kawo ruwa kusa da ita, ta sha ya ishe ta. Za a mayar mata da faifan wuyanta, in na iya rabuwa da shi. Za a naɗe mata igiyarta a ƙafa, a lulluɓe ta da ɗankwalinta, a ɗora ta a kan kabad, inda akwati ya tashi ya bar wuri. Mai sayen tsofaffin ƙarafa da yake ta zagaye da sikelinsa tun da ya ji labari, ya sani ba a gayyace shi ba.

Sauran jama'a kuwa ina roƙon kowa ya zo, ya kuma zo da wani. Wanda ya taɓa shan iskarta ko sau ɗaya yana da haƙƙin yin jawabi, kuma ba a ƙayyade lokaci ba. Abokina tela zai fara, kun dai san shi in ya soma. A zauna a natse, kada a yi gaggawar tashi, rana tana da tsawo. Masu babura da masu baro su ajiye su a bakin lungu yadda suka ga dama, ko mota ta zo za ta iya jira.

Ina cikin rubuta wannan layi 'yar fari ta shigo, ta zauna a bakin gado tana ninke zannuwan uwarta tana jerawa a akwati. Sai ga sallamar maƙwabciyarmu mai firiza, hannunta jiƙe, da damin ledoji a hammata. Ita ruwan da za ta sayar jibi yau take ɗaura shi, don sai ya kwana ya wuni yake ƙanƙara. Ta gaishe mu, ta yi tambayarta. 'Yar fari ta ci gaba da ninki. Mai ɗakina ta rufe ido. Ni na duƙufa a kan takardar nan kamar da sauran abin rubutawa. Tana nan tsaye a bakin ƙofa, ta ɗauka ba mu ji ba ne, ga shi ta sake:

"Na ce ba, Baba, ƙanƙarar jibi nake ɗaurawa. In saka da taku?"